Goɗiyar Baba a filin polo

Yau a gasar polo ta Kaduna, inda muke aikin sa kai da likitocin dabbobi, aka fito da wata goɗiya bayan chukka ɗaya, wato zagaye ɗaya na wasan, minti 7 kacal fa amma ta jiƙe sharkaf sai huci take, hancinta a buɗe ja wur, na ɗora mata abin sauraren zuciya na ji bugun ya haura 100 a minti ɗaya, alhali doki in yana hutawa bai cika wuce 40 ba. Oga likita ya ce ruwan ƙanƙara kawai, a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, mu yi ta kwarawa kar mu tsaya. Ni kuwa hannuna rawa yake wlh, har bokiti ya kuɓuce min.

Sai ga wani dattijo mai kula da ita, ko takalmi babu a ƙafarsa, ya zo ya riƙe kanta ya haɗa goshinsa da nata yana mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji me yake cewa ba. Na ce Baba ɗan matsa mu yi aiki, ya ce ɗana ku yi naku, tun tana ƴar dukushiya take hannuna. Haka muka yi ta zuba ruwa har da shi, rigarsa ta jiƙe, bai motsa ba sai da numfashinta ya sauka ta miƙa baki cikin bokiti. Can cikin fili ana ta ihun an ci ƙwallo, ko waiwayawa bai yi ba. Har na dawo gida ina tunanin me yake faɗa mata a kunne.