Zabaya da ranar Zariya

Yau da hantsi wata tashar rediyo ta yi shiri kan kansar fata, aka yi ta zancen Turawa masu shan rana a bakin teku. A Ƙofar Doka kuwa ga yarinya zabiya tana tallan gyaɗa, wuyanta jajir, leɓɓa sun tsattsage, ko malafa babu. Irinta ciwon ya fi kamawa a nan, amma ko ambatonsu ba a yi ba.

Man kariya daga rana mai SPF 50 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa) ake shafawa minti 20 kafin fita, a ƙara duk awa 2, har kunne da ƙeya da ake mantawa. Mikin da ya yi wata bai warke ba, sai asibitin Shika. Abin da ya dame ni, man nan tsada gare shi, kuma ba kowane kemis ke sayarwa ba.