Gaisuwa daga ƙauyukan da jirgin ƙasa ya haifa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan an kwashe amfanin gona lafiya.

Shekarata ta uku ke nan a wani ƙauye a lardin Saskatchewan na Kanada, ina aikin kula da tsofaffi. Fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ba dutse, ba tudu, sai alkama da kanola (wani tsiro da ake matse mai daga irinsa) iya ganinka. Da hunturu sanyi kan sauka ƙasa da sifiri da maki 30, har gashin hanci ya daskare.

Abin da ya fara ɗaure min kai sunayen garuruwan ne. In ka bi layin dogo za ka wuce Fenwood, Goodeve, Hubbard, Ituna, Jasmin, Kelliher, Leross. Ku duba haruffan farko. Ashe kamfanin jirgin ƙasa ne ya raɗa musu suna bi da bi kamar yara a rajistar makaranta, kuma ya jera su kusa da juna yadda manomi zai kai hatsi tasha a keken doki ya koma gida kafin dare. Daga 1872 gwamnati ta riƙa ba da eka 160 a kan dala 10, da sharaɗin mutum ya zauna shekara 3 yana nomawa. Da haka aka kwaso talakawan Yukren da Jamus da Ingila, wasunsu suka fara da ɗakin da aka gina da ɓawon ƙasa mai ciyawa.

A da kowace tasha tana da dogon rumbun katako da sunan garin a jikinsa, ana hango shi tun daga nesa. Yawancinsu an rushe. Wata dattijuwa da nake yi wa hidima, wadda nake kira Kaka, ta ce ranar da aka kayar da na garinsu maza sun tsaya jugum, ba mai kallon wani. Nan take dalar gyaɗar Kano ta faɗo min a rai. Bayan rumbu sai makaranta ta rufe, sai banki, matasa suka yi Regina da Saskatoon, manyan biranen lardin. Gonar da a da ta riƙe gidaje da yawa, yau mutum ɗaya da injinsa ke noma ta.

Amma gayya tana nan. Bara wani manomi ya kwanta asibiti ana tsakar girbi, maƙwabta suka shigo da injinansu suka gama masa a wuni ɗaya, mata suna kai abinci bakin gona.

Kaka ta ara min littafin tarihin garinsu, kauri kamar tubali, wanda mutanen garin suka haɗa da kansu wajen 1980. Kowane gida da shafinsa: wa ya zo, daga ina, wa ya auri wa, yadda fari da fara suka cinye 1937, ana toshe taga da jiƙaƙƙen tsumma saboda ƙura. Sai dai mutanen Cree, waɗanda aka tarar a ƙasar, aka ƙulla yarjejeniya da su a 1874, shafi biyu kacal suka samu. Na yi mata maganar, ta yi shiru, can ta ce a makarantarsu ba a koya musu ba.

Ina roƙon ƙanena ya zauna da Baffa da wayarsa kafin in zo, ya tambaye shi labarin yunwar 1973, da sunayen waɗanda suka haƙa rijiyar bakin kasuwa. A gaida Inna.