Sojoji uku a kan ƙanƙara

Yau da safe ƙanina, wanda yake aikin soja, ya turo mini wani tsohon bidiyo na gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Kalgari ta ƙasar Kanada a 1988. 'Yan Jamaika ne a wasan bobsile, wanda mutum huɗu kan tura wani keke mai kamar kwale-kwale, su faɗa ciki, ya sulale da su a kwararon ƙanƙara da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Uku daga cikinsu sojoji ne: Dudley Stokes, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, shi ke riƙe da tuƙi, sai Devon Harris da Michael White. Ƙasarsu ko ƙanƙara ba ta zuba, watanni kaɗan kawai suka yi suna koyo.

A zagaye na uku keken ya kife a wata kwana. Wallahi sai da na dafe ƙirji, ganin kan Stokes cikin hular kwano yana gurzar bangon ƙanƙara, keken na jan su, babu mai iya tsayar da shi. Da ya tsaya, sai ga su sun fito ɗaya bayan ɗaya, suka taka da ƙafa har ƙarshen hanya, 'yan kallo na miƙo musu hannu. Wannan tafiyar ce na maimaita har sau huɗu. Na tuna ranar da muka raka ƙanin nawa tasha, Inna na kuka, shi kuwa ya ɗauki jakarsa bai waiwayo ba. Anjima zan kira shi in ji muryarsa.