Yadda na koyi sauya salo a kiɗan kalangu

Yaran da ke koyon kiɗa a Damagaram yanzu saurin hannu suke nema. Sun ga bidiyo a waya, suna so su yi irinsa kafin sallah. Ni ba ta nan aka bi da ni ba. A gidanmu a Birni baffana ke riƙe da babban kalangu, ni kuwa ɗan karɓi, wato ƙaramin kalangu, aka rataya mini, kuma aikinsa guda ne: ka riƙe kiɗa ɗaya tun daga la'asar har a watse, ba ƙari ba ragi. Na daɗe a haka. Amfaninsa shi ne kiɗan ya sauka daga kai ya koma jiki, har kana iya gaisawa da mutum hannunka bai ɓata ba. Sai a lokacin kunne ke samun sararin jin abin da babban kalangu yake yi a samanka: inda yake shiga, inda yake barin gurbi, da yadda yake dawowa daidai kan bugun da ya bari.

Da aka ba ni babban, darasin farko ba bugu ba ne. Baffa ya ce, "Ɗana, faɗi 'sannu da zuwa' da bakinka." Na faɗa. Ya ce to faɗe shi da hammata. Hausa tana da hawa da saukar murya, kalangu ma haka: in ka matse tsarkiya sauti ya hau, in ka saki ya sauka. Gaisuwar nan gaɓa biyar ce, saki, matsa, saki, matsa, saki. Daga nan na shiga ɗibar magana duk inda na ji ta. Tallan mai fura a Kasuwar Dole, cinikin mahauta (kalangu dai tun asali kiɗansu ne, yadda dundufa take ta maƙera), karin maganar tsofaffi, har faɗan ƴan kabu-kabu. Da dare in zauna a zaure in mayar da su kan fata, wani lokaci ba makaɗin ma, da yatsu kawai don kada in tayar da gida. Mafi yawan abin da mutane ke kira ƙirƙira a wurina daga wannan rumbun yake fitowa. Wanda bai tara magana ba, in ya gama taken da ya haddace sai ya kama hayaniya.

Filin kokowa ya koya mini sauran. Tun da aka fara gasar kokowa ta cin takobin ƙasa a Tawa a 1975, kokowa ta zama wurin da makaɗin Nijar ke nuna kansa, amma ni a ƙananan wasannin kaka na ƙauyukan Mirya na goge. Can ba ka san wa zai fito ba. Ɗan kokowa ya shigo da layunsa, sanƙira ya raɗa maka sunansa da garinsu, kafin ya kai tsakiyar fili dole ka haɗa masa take. Idonka na kan ƙafarsa. Mai taku da nauyi ba a yi masa kiɗa mai rawar kai. In an kama juna an sunkuya, sai ka rage, ka bar ɗan karɓi shi kaɗai yana tafiya. Ƴan kallo su ji wannan gurbin, numfashinsu ya tsaya, ka ajiye bugunka sai ƙafa ta ɗaga. A ganina yin shiru a daidai wurin ya fi kowane salo wuya, kuma shi ya fi jawo liƙi.

Fata ma tana da ra'ayinta. Da hunturu takan ɗaure ta yi kaifi, da damina ta saki sai an nuna mata wuta, don haka salon da ya yi daɗi a watan Janairu ba lallai ya fito a Agusta ba.

Yanzu ɗan yayata ke riƙe mini ɗan karɓi. Yana gunaguni, yana cewa, "Kawu, yaushe?" Na ce masa ranar da ya kaɗa mini sunan kakarsa na gane ba tare da ya faɗa ba.