Gyaran ƙafar Hilux don hanyar gona: sifirin, shok da taya

Motar Hilux ce mai ƙofa huɗu, ƙirar da Toyota ya yi daga 2005 zuwa 2015, mai injin fetur 2.7 da giyar ƙafa huɗu. Aikinta kai taki da iri daga Kaduna zuwa gonakin bayan Kujama da wajen Kachia, sannan ta dawo da masara idan kaka ta yi. Yawancin tafiyar a kan kwalta ce. Ɗan abin da ya rage shi ne mai cin ƙarfe: burji mai gargada da rani, laka da sawun tirakta daga Yuli zuwa Satumba. Da na tashi gyara mata ƙafa, kowa shawararsa ɗaya, a ɗaga ta a sa manyan tayoyi. Ni kuwa na fara da sikeli da tef, domin nauyin da mota ke ɗauka shi ke zaɓar sifirin, hanyar da take bi kuma ita ke zaɓar taya.

A jikin motar akwai ɗan faranti da kamfani ya rubuta iyakar nauyinta duka, ita da kayanta. Irin wannan Hilux abin da aka yarje mata ta ɗauka yana tsakanin kilo 800 da tan ɗaya, kuma direba da fasinja suna cikin lissafin. Buhun taki goma kilo 500 ne. Manya biyar a ciki sun kai kilo 350. Ka ga an gama, tun ba a ɗora jarkar ruwa ba. Babu sifirin da zai ƙara wannan iyaka, don shasi da birki da boris ɗin aksul suna nan yadda suke. Abin da sabon sifirin zai yi kawai shi ne ya hana bayan motar durƙushewa a cikin iyakar. Na kai ta sikelin manyan motoci, irin na masu sayen hatsi, na auna ta babu kaya, na sake aunawa da lodin da ta saba. Sannan a kan daɓe mai daidaito na auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a duk kusurwa huɗu, na rubuta. Ba daga ƙasa ake aunawa ba, saboda iskar taya tana canza lissafi. Wannan takardar ce za ta nuna maka daga baya ko abin da ka saya ya yi aikin da aka ce.

Ƙafar gaba da ta baya ba iri ɗaya ba ce. A baya aksul ne guda, zaune da sifirin mai falle-falle. A gaba kowace taya da hannayenta biyu, na sama da na ƙasa, da sifirin mai murɗi wanda shok ya ratsa ta cikinsa.

Bayan ne aka fi yi wa ɓarna. Kana shiga gareji za ka ji, "Alhaji, a ƙara mata falle biyu, ta huta." Ƙarin falle ɗaya mai tsawo, wanda kaurinsa da lanƙwasarsa suka dace da sauran, yana da amfani, muddin an sauya ƙusar tsakiya da yu-bol, wato ƙusoshin da ke ɗaure sifirin a jikin aksul, da masu tsawon da ya isa. Amma gajeren falle mai kauri da aka ciro daga babbar mota yakan tara duk wahalar a wuri ɗaya, daidai inda ya ƙare, kuma nan uwar fallen take tsagewa. Wanda ya fi wannan muni shi ne a kai wa maƙeri ya gasa sifirin a wuta ya lanƙwaso shi. Ranar farko motar za ta miƙe, gwanin sha'awa. Wutar kuwa ta riga ta kashe ƙarfin ƙarfen, ba a daɗewa zai kwanta fiye da da, ko ya karye a cikin rami. Na zaɓi sauya saitin gaba ɗaya. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons, dukkansu na Ostiraliya, suna rarraba sifirin baya bisa nauyin da ke zaune a bodi kullum, misali kilo 300 ko 500. Kalmar kullum ɗin ita ce abin lura. Motar da ke ɗaukar janareta da akwatin kayan aiki dare da rana ta cancanci mai tauri. Wadda ke zuwa da lodi ta dawo wayam, kamar tawa, idan ka sa mata na 500 za ta riƙa tsalle a kan gargada, tayar baya tana barin ƙasa, bayan yana zillewa a kwana. Na ɗauki matsakaici, na yarda in riƙa raba masarar sawu biyu.

A gaba kuwa tsawo ne tarkon. Na tsaya a milimita 40 zuwa 50, wato kusan inci biyu, ƙasa da abin da masu son ado ke nema. Ga dalili. Kowane shaf da ke kai ƙarfi ga tayar gaba yana da gaɓa biyu a cikin roba mai giris. Da ka ɗaga mota, shaf ɗin ya karkace, robar ta fara gugar kanta. Tana tsagewa sai giris ya fice, yashi da ruwan laka su shiga, ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana. Bol-join na hannun sama shi ma yana kaiwa ƙarshen juyinsa. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba: tazarar da taya ke hawa da sauka ƙayyadadda ce. Duk milimitar da ka ƙara a tsawo ka cire ta ne daga saukar taya. Idan babu sauran sauka, taya ba za ta bi rami ba, sai dai ta rataye, ka ji duka a ƙarƙashin ƙafarka. Bayan an ɗaura, a ɗaga motar da jak har taya ta bar ƙasa a sake awo. Ina son in ga ta sauko da kamar milimita 60 ko fiye. Masu sa zoben ƙarfe a saman shok su sani cewa shok ɗin ba a bakin taya yake zaune ba, a tsakiyar hannu yake, don haka zobe mai kaurin milimita 25 yakan ɗaga mota kusan ninkin hakan. Zoben ba ya ƙara wa sifirin da ya gaji ƙarfi ko kaɗan.

Shok ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa ya kashe rawar sifirin. Yana yin haka ne ta hanyar matsa mai ta ƙananan ƙofofi, abin da ke haifar da zafi. A gargada mai tsawo, cikin zafin Maris da Afrilu, man ƙaramin shok yakan yi kumfa, sai mota ta fara lilo kamar kwalekwale duk da ba ta tsiyayar da komai ba. Shi ya sa ake neman mai faɗin ciki, mai iskar gas, mai ɗaukar mai da yawa. Tsawonsa kuma dole ya dace da sabon sifirin: gajere zai riƙa fizgewa idan taya ta sauka, dogo zai daki gindinsa kafin robar da ke tare aksul ta taɓa. A kasuwar Panteka ta Kaduna ana samun sabo da na gwanjo. Na gwanjo sai a tsayar da shi, a danna a saki a ji ko akwai wurin da yake wucewa babu turjiya, a duba sandar ko ta yi tsatsa ko zane. Biyu-biyu ake sauyawa, hagu da dama.

Wajen ɗauri akwai abubuwan da na tsaya a kai aka yi a gabana. Sifirin gaba da na'urar matse shi ake cirewa, ba da igiya ko waya ba, don idan ya kufce yana iya kashe mutum. Ƙusoshin da suka ratsa bushin roba ba a ɗaure su tamau sai mota ta sauka ta tsaya da ƙafarta. Idan aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Yu-bol sababbi, domin tsohon ya riga ya miƙe, kuma a sake bin su da sifana bayan kilomita 500. A duba tiyon birki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki, taya na rataye, kada su ɗame. Motar da ba ta da ABS tana da wani bawul a baya da ke rage ko ƙara birkin baya gwargwadon lodi, ta hanyar sandar da ke haɗe da aksul. Ka ɗaga mota ba ka gyara zaman sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya ko da an cika bodi, sai birkin baya ya yi sanyi. Daga nan sai alaimen a kan na'ura, da saita fitilu. In an ji kakkarwa lokacin tashi daga tsaye, a duba boris ɗin tsakiyar firofela, sau da yawa ɗan sauko da shi kaɗan yake so.

Duk wannan ɗagawa ba ta ƙara ko milimita ɗaya a ƙarƙashin tulun aksul na baya ba, wanda shi ke fara zama a kan tudun da ke tsakanin sawun tirakta. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, kuma lissafin yana rubuce a gefenta. A 265/65 R17, faɗi milimita 265 ne, tsawon gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili inci 17. Tsayin taya duka ya kama milimita 776. Idan ka koma 265/70 R17 ya zama 803. Rabin bambancin kawai kake samu a ƙasa, wato kamar milimita 13. Ita kuwa 285/70 R17, abar marmarin samari, tana kaiwa 831: ka sami milimita 27, amma tana gugar madigadi da gindin bodi a cikakkiyar kwana, mai ya ƙaru, birki ya yi nisa, injin 2.7 da lodi a kan hawa sai ka koma giya ta ƙasa, kuloci na shan wuya. Maleji ma zai riƙa rage maka gudu da kashi bakwai cikin ɗari. Yana nuna 100 kana kan 107. Ni wili mai inci 16 na koma, na sa 265/75 R16, tsayinta 804. Kusan tsayi ɗaya da 265/70 R17, amma gefen ya fi yawa, ya fi shanye dutse da rami, kuma wilin ƙarfe idan ya lotsa ana buga shi ya miƙe, na alminiyam tsagewa yake yi. Kafin saye a gwada wilin a gaba a tabbata bai taɓa kan birki ba. Ramukan noti shida ne a da'irar milimita 139.7, ramin tsakiya 106. Wilin da ya turo taya waje sosai yana cin boris, yana kuma watsa laka har gilashi.

Zanen taya kashi uku ne: HT ta kwalta, MT ta laka, AT tsaka-tsaki. MT tana da manyan haƙora masu zubar da laka, a fadama ba ta da na biyu. Amma a titin Kaduna zuwa Kachia kuka take yi, tana saurin suɗewa, kuma idan ruwan sama ya jiƙa kwalta riƙonta bai kai na AT ba. Wanda motarsa ke kwana a gona duk damina ya sa MT. Ni AT na sa, mai alamar LT, wadda jikinta ya fi kauri, don kututturen da aka sare a bakin gona gefen taya yake nema, kuma hujin gefe ba ya facuwa. A duba lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1,120 kowace taya, 120 kuma 1,400. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfani ya sa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa, wasu sun daɗe a sito. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2323 mako na 23 ne na 2023. Tayar gwanjo mai kyan zane da ta shekara bakwai robarta ta bushe, zafin kwalta da lodi za su ɓare ta.

Sai iska, wadda ba ta cin ko kwabo amma ta fi komai tasiri. Mai faci idan ya ga LT hannunsa ba ya tsayawa sai gejin iska ya kai PSI 55 ko 60, wai don ta ɗauki kaya. Mota wayam da wannan iska tsakiyar taya kawai ke taɓa ƙasa, shok da bushin su sha duka. Na sayi gejin kaina da ƙaramin famfo mai aiki da batir. A kwalta nakan fara daga abin da ke rubuce a takardar bakin ƙofar direba, in ƙara kaɗan saboda LT ce, in ƙara na baya idan akwai lodi, kuma da safe nake aunawa kafin taya ta yi zafi. A burji mai gargada nakan sauko wajen 26 zuwa 28 in rage gudu. A laka ko yashin rafi 18 zuwa 20, taya ta baje ta yi tsawo a ƙasa. Ƙasa da 15 tana iya zamewa daga wili a kwana. Da lodi mai nauyi ba na sauka can ƙasa. Ana hawa kwalta kuma a mayar da iskar nan take, domin taya mai ƙarancin iska a guje zafi take tarawa har ta fashe.

Tayoyi biyar na saya, ba huɗu ba. Giyar ƙafa huɗu ta wannan mota tana ɗaure gaba da baya su juya daidai wa daida, don haka safaya mai ƙaramin tsayi za ta sa ƙarfe ya riƙa ja-in-ja da ƙarfe. Wannan dalilin ne ma ya sa ba a barin ta a H4, wato giyar ƙafa huɗu, a kan busasshiyar kwalta. A gwada tun a shago cewa sabuwar safayar ta shige mazauninta a ƙarƙashin bodi ba ta taɓa salansa ba, a kuma gwada jak, don wanda ya zo da motar ba lallai ya kai ba bayan an ɗaga ta; katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashinsa yana maganin wannan, yana kuma hana shi nutsewa a laka.