Girkin Goggo a watannin kimo

Wata takwas kenan da aka tabbatar mana Goggo na da ciwon daji na mama, kuma tunda ni ce ba na fita aiki kullum sai girkinta ya dawo hannuna. Ƙanwar Babanmu ce, ita ta riƙe ni tun ina aji uku a firamare, mace ce mai son tuwon dawa da miyar kuka ta ji man shanu da yaji, irin mutanen nan da in ba su ci tuwo da dare ba sai su ce yau ba su ci abinci ba.

Da aka fara mata ƙarin ruwan kimo, wato maganin ciwon daji da ake sawa ta jijiya, duk sati uku sau ɗaya, komai ya birkice. Ƙamshin albasa a mai kawai ya isa ya sa ta amai, ruwan sha ma cewa take ɗanɗanon ƙarfe yake mata kamar ta tsotsi tsohon kwabo. Amma wallahi ba wannan ne ya fi ramar da ita ba, 'yan dubiya ne. Allah ya saka musu da alheri, da zuciya ɗaya suke zuwa, sai dai kowa in ya gama "sannu Hajiya, Allah ya sa kaffara ne" sai ya ajiye mana doka kafin ya sa takalmi. Wannan ta ce kar a ba ta sukari shi ne abincin cutar, waccan ta ce nama da ƙwai kam ta yi bankwana da su, wata ta turo min murya a WhatsApp wai awara na ƙara girman ƙullutun, wani kawunmu kuma ya zo da jarka guda ta jiƙo daga ƙauye. Ni kuma tsoro ya sa na bi duka. Aka wayi gari Goggo ba ta da abinci sai koko ba sukari da dafaffen zogale, cikin sati shida ta sauko daga kilo 62 zuwa 55, zobenta har faɗuwa yake in tana alwala.

Ranar kimo na uku likita ya kalli sikeli ya kalle ni, ya tura mu wurin ma'aikaciyar da ke ba da shawara kan abinci. Matar ta ce, "Hajiya, me kike ci a gida?" Goggo ta ce, "'Yar nan, abin da aka bar min." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

A nan aka warware min zancen sukari. Ashe duk tuwo da shinkafa da dankalin da muke ci sukari suke komawa a jini, kuma kowane sashe na jiki da shi yake aiki har ƙwaƙwalwa, in ka hana mara lafiya abinci jikin nasa naman jikinsa zai narkar ya samo, cutar ba ta ji yunwa ba shi ne ya ji. Banda mai ciwon suga, shi lissafinsa daban. Maganar nama kuma tana da asali, a 2015 ne hukumar binciken ciwon daji ta WHO ta sanya sarrafaffen nama irin su sosej cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, ta kuma ja kunne kan yawan cin jan nama, amma wannan zancen rigakafi ne ga masu lafiya, ba a ce wanda ke kan magani ya bar kaza da kifi ba. Shi mai jinya ma furotin, wato sinadarin gina jiki, ya fi buƙata, kamar giram 1 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai a ciki, toh ku lissafa na Goggo ku gani. Awara ma aka ce ta ci abinta.

Na dawo gida na canza tsari. Na daina jibga mata abinci sau uku, sai kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a ɗan ƙaramin faranti don ganin tulin abinci ma toshe mata ciki yake. Kunun gyaɗa mai kauri da madarar gari, alala da ƙwai a ciki, faten wake da ya dahu luguf, farfesun kifi ba yaji, tunda ƙwai ya yi tsada wake da gyaɗa su suka rufa mana asiri. Girkin a can bayan gida nake yi a kurfoti, in barshi ya huce kafin in kai mata saboda abinci mai sanyi bai cika tashin ƙamshi ba. Cokalin roba ya rage mata ɗanɗanon ƙarfen nan, shayin citta kuma yana ɗan kwantar da tashin zuciya. Satin da bakinta ya yi gyambo muka ajiye kunun tsamiya da lemon tsami, tana kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Inda muka fi yin rigima shi ne fura. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kimo garkuwar jiki ke yin ƙasa sosai, ɗan gudawar da ni zan yi kwana ɗaya in warke ita zai iya kwantar da ita a asibiti, don haka ba furar talla, ba salak ɗin biki, ba yankakkiyar kankana ta bakin titi. Ni nake tafasa madara in haɗa mata kindirmo a gida, tana sha tana mita wai ba ta kai ta Fulani ba, gaskiya ta faɗa kuma. Gyaɗar kunu ma sai na zauna na tsince masu baƙi da hunhuna, akwai guba a cikinsu mai lalata hanta.

Jarkar kawu kuwa likita ya ce hanta da ƙoda dama suna fama da kimo, kar a ƙara musu abin da ba a san me ke ciki ba. Tana nan bayan ƙofar sito, in ya zo na ce masa "ana nan ana lallaɓawa Kawu", Allah ya yafe min. Ruwan addu'arta da dabinonta dai ba wanda ya hana ta.

Shekaranjiya da magariba ta kira ni ta ce tuwo take so, na dawa, miyar kuka. Kilo 58 take yanzu. Loma huɗu ta yi ta ture kwanon, ta ce daddawar ta yi kaɗan.