Godiyarmu bayan kammala binciken tayil ɗin Iznik

Alhamdu lillahi, tanderu ya huce, rahoto ya shiga hannun malamai, an tambaye mu mun amsa. Bincikenmu shi ne gano yadda aka yi tsohon tayil ɗin garin Iznik na Turkiyya, mu kuma gwada yin irinsa. Waɗanda suka bi mu tun farko sun san irin wuyar da aka sha, ba sai mun maimaita ba. Gajiya ba ta sake mu ba tukuna, amma haƙƙin mutane na kanmu.

Muna farawa da malamar da ke kula da ɗakin gwaji, ko da yake ba ta son a ambace ta. Ita ta riƙa dasa ɗan gutsuren tsohon tayil cikin roba mai daskarewa, ta goge gefensa sumul, ta sa a madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa har hawa uku suka fito fili: jiki, farin shafe, sai ruwan gilashi a sama. Jikin kusan kashi 80 cikin 100 niƙaƙƙen dutsen ƙanƙara ne, saura farin yumɓu da garin gilashi, kusa da haɗin da Abul Ƙasim na Kashan, a Iran, ya rubuta a 1301: awo goma na dutse, ɗaya na gilashi, ɗaya na yumɓu. Mutanen Iznik, can a Turkiyya, sun ƙara dalma a jiki da kuma ruwan gilashin, shi ya sa idan aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 900 suke hucewa tare, fuskar ba ta tsattsagewa. Akwai kuza a cikin ruwan gilashin, amma a narke take, ba ta dusashe gilashin. Farin da ido ke gani na shafen da ke ƙasa ne.

Shuɗin ma'adinin kobal da baƙin layi ba su wahalar da mu ba. Ja ne ya kusa sa mu kuka. Wannan jan da ya fara bayyana a masallacin Sulaimaniyya na Istanbul a 1557, ya cika bangon masallacin Rustam Pasha, jar ƙasa ce mai ƙarfe gauraye da garin dutsen ƙanƙara. In aka shafa ta ba kauri, ruwan gilashi ya narkar da ƙarfen, ta koma ruwan ƙasa. In hayaƙi ya taru a tanderu, ta yi duhu. Haka ta yi ta fitowa a gwajinmu ga lokaci ya ƙure.

A nan Allah ya kawo Usta, dattijon maginin da ya ba mu aron tanderunsa. Bai duba takardunmu ba. Ya ɗauki tayil, ya bi furen da babban yatsa, ya ce jan ƙwarai hannu yana jin tudunsa kafin ido ya gan shi. Ya ɗebo daga nasa kwaɓin, ya ɗiga shi da kauri har ya tasa, ya jira ya bushe sarai kafin a zuba ruwan gilashi. Ya buɗe wa tanderu iska, ya hana kowa taɓa ƙofar sai da ya huce da kansa, don buɗewa da wuri ke fasa tayil. Shi ya tsawata mana kan niƙa garin dalma a bushe, ya ce a jiƙa shi saboda huhu. Ko kwabo bai karɓa ba. Baba Usta, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan magabata, ya albarkaci zuri'a, ya sa wannan a mizani.

Iyayenmu mata da suka tashi cikin dare suna addu'a, da yayyenmu da suka tura kuɗin gwaji ba tare da mun roƙa ba, Allah ya biya ku da Aljanna. Akwai 'yan uwan da muka yi ta duba waya ko za mu ji daga gare su. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Gutsattsarin da aka ba mu aro duk mun mayar wa masu su, kowanne da lambarsa. Mun gode.